Gudummawar da Muka Kai wa Turawa

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa, wasu sai an tuna mini nake cewa, af, haka fa aka yi. Amma ranar da muka loda gero da dawa a bayan a-kori-kura muka nufi Kano don mu kai wa Turawa gudummawa, wannan kam ba zan manta da ita ba har ƙasa ta rufe mini ido. Duk sa'ad da na ba jikokina labarin sai su ce, "Kaka, ka dai ƙara gishiri." Ni kuma in ce musu gishirin da zan ƙara tun a wancan lokacin na ƙara shi, kuma shi ne ya ja mini abin da ya ja mini.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne, waɗanda mutanenmu suka raɗa wa suna Ostariti. Sabulu ya zama abin da ake yankawa gida huɗu, kananzir sai ka bi layi tun safe ka dawo da galan ɗinka babu ko ɗigo, takin zamani kuwa sai dai ka ji shi a rediyo. Ga shi damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero yana tsaka da fitar da kai. Ƙauyenmu yana tsakanin Tofa da Dawakin Tofa, inda gona take jingine da gona, ba ka samun taku ɗaya na ƙasa wanda ba shi da mai shi. A wurinmu in ka matsar da iyaka da faɗin tafin hannu, maganar sai ta kai gaban dagaci. Ni kuwa a lokacin malamin firamare ne, sabon ango, da kekena da biro uku a aljihun gaba, ina jin duk faɗin gundumar nan babu mai Turancina.

Ana cikin haka sai ga labari cewa gwamnatin wata ƙasar Turawa ta yi alkawari a gaban majalisarta, wai duk shekara za ta ware wani kaso daga abin da take samu don agaza wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Cikin ikon Allah ɗan yayyafin wannan kuɗin ya sauka a kanmu. Aka tare rafin da ke arewa da gari da 'yar madatsa, aka ce za a haƙa hanyar ruwa, wadda muke kira kanal, ta biyo har cikin gonakinmu mu riƙa noman rani. Mu da muka daɗe muna kallon mutanen Watari, masu babbar madatsa, suna wucewa da kwandunan tumatir da albasa a tsakiyar rani muna haɗiyar yawu, murna kamar mu yi fiffike. Injiniyan aikin wani Bature ne dogo mai gajeren wando, rana ta gasa masa wuya ya yi jajir. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "madalla" ba, ko in ce haka na ɗauka. Ni na zama tafintansa, ba don ana ba ni ko sisi ba, don dai a gan ni a gaban motarsa ina nuna hanya.

Matsalar guda ɗaya ce. Awon Baturen ya nuna dole kanal ta ratsa kusurwar gonar Baffana, yayan mahaifina, wanda ya riƙe mu tun bayan rasuwar mahaifinmu. A daidai wannan kusurwar akwai wata ɗorawa da kakanmu ya raina tun tana tsiro. Da kalwarta Innata take yin daddawar da ake ci a gidanmu shekara guda, a inuwarta kuma Baffa yake sallar azahar in yana gona. Baffa ya ce a kauce mata. Bature ya ce ruwa ba ya hawa tudu, in aka kauce ba zai sauko ba. Sai mai unguwa ya nuna ni ya ce ai ga ɗansa nan, shi zai shawo kansa.

Na sami Baffa yana gyaran ƙotar fartanya a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, wannan fa alkawarin gwamnati ne, kuma gwamnatin Turawa. Su ba sa faɗa su saɓa. A rubuce yake."

Ya ci gaba da gyaran ƙotarsa. Can ya ce, "Kai ɗan boko, ka taɓa cin kasuwa da su?"

Na ce, "A'a, amma na karanta."

Ya ce, "To ni ban san su ba, kai na sani. In ka ce ruwa zai zo, na ba ka ɗorawar. Ka ji da kyau, kai na ba wa, ba su ba."

Na ce zai zo, har da bugun ƙirji. Yau in na tuna wannan bugun ƙirjin sai in ji kunya ta kama ni kamar jiya na yi shi. Ranar da aka kayar da ɗorawar Baffa bai fita gona ba, ya ce wai kansa ne yake ciwo.

Katafila ta ci gaba da haƙa, kullum tana matsowa, yara suna bin ta da ihu. Wata safiya bayan kaka sai muka ji shiru. Kwana biyu, kwana uku, sati guda. A sati na biyu aka zo da babbar mota aka ɗora katafilar aka yi gaba da ita. Kanal ta tsaya cak a tsakiyar gonaki, saura abin da bai wuce tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa ba ta iso wajen kututturen ɗorawar. Ga ruwa can kwance a madatsa yana ƙyalli, ga mu nan muna kallonsa.

Tun daga ranar Baffa ya rage mini gaisuwa. In na ce ina kwana, sai ya ce "lafiya" ya tsaya a nan, ba ya tambayar iyali, ba ya tambayar makaranta. Wanda bai san Baffa ba zai ce wannan ba komai ba ne, amma mutum ne da gaisuwarsa take kai ka gaji da durƙuso. Da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi. A gari kuma samari suka sa mini suna Mai Ruwa. In zan wuce a keke sai ka ji wani ya ce, "Mai Ruwa, a sam mana ko moɗa ɗaya."

Na je wa mai unguwa da shawarar mu kira gayya, mu tara majiya ƙarfi na garinmu da na maƙwabta mu ƙarasa haƙar da hannu. Ya yi dariya ya ce, "Malam, gayya da ciki ake yin ta. Wa yake da hatsin da zai ciyar da mutum ɗari a shekarar nan?" Ya tara magidanta ya tambaye su don kada a ce bai gwada ba. Kowa ya rantse rumbunsa ko ɓera ya shiga sai ya fito da hawaye. Maganar gayya ta mutu a nan.

Bayan la'asar akan taru a ƙofar gidan mai unguwa a saurari rediyo, a nan muka ji dalilin. Ashe zaɓe ne ya matso a ƙasar Turawan. 'Yan adawa suka tashi suna cewa ta yaya za a riƙa kwasar kuɗi ana kai wa wasu ƙasashe alhali a gida an rufe masana'antu, mutane ba su da aikin yi, tsofaffi kuma suna fama da sanyi? Gwamnati da ta ga maganar tana samun karɓuwa sai ta dakatar da wani ɓangare na agajin. Iyakar abin da rediyo ta faɗa ke nan. Amma da aka kashe ta sai duk idanu suka juyo kaina, har da na Baffa, wanda yake zaune a gefe yana jan carbi.

A nan Shaiɗan ya raɗa mini dabara. Na ga cewa in Turawan nan suna cikin bala'i, to ba ƙarya na yi ba, ƙaddara ce ta gifta. Sai na gyara zama na ce, "Ai abin ya wuce yadda kuka ji. Ni da nake karanta jaridunsu na san komai. Mutanen nan suna cikin wani hali. Sanyinsu ba irin namu ba ne, ruwa ma daskarewa yake ya koma dutse. Tsofaffi ana tsintarsu da safe sun sandare a ɗaki. Magidanci sai ya wuni bai ɗora tukunya ba. Kuma ku sani ba su da rumbu, ba su da gona, in babu aiki babu abinci." Jaridar da na taɓa riƙewa ta ƙasarsu guda ɗaya ce, ita ma ƙosai aka naɗo mini a ciki. Amma na ga fuskoki sun yi laushi, wani yana cewa "Allah sarki," wani yana cewa "Subhanallahi," sai na ƙara ƙaimi. Na koma gida ina jin na wanke kaina tas.

Ban san kafin in jingine keke labarin ya riga ni shiga gida ba. Innata ba ta taɓa kama sunana ba, don ni ne ɗanta na fari, sai dai ta ce "malamin makaranta". Na tarar da ita zaune a kan tabarma ta yi tagumi.

Ta ce, "Malamin makaranta, gaskiya ne abin da nake ji? Mutanen nan da suka yi mana madatsa, ashe nasu tsofaffin babu abin rufa?"

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta tafa hannu ta ce, "Oh ni! Wato suna cikin wannan halin suka rufa wa kansu asiri suka ba mu, mu kuma muna nan muna ƙorafin ba a ƙarasa ba? Wa ya je ya yi musu jaje?"

Na ce, "Inna, ai ƙasa ce guda, ba gida ba ne."

Ta ce, "Ƙasar ba mutane ne a cikinta ba?"

Dole in yi wa mai karatu bayanin Innata. A garinmu ita ce uwar biki. In an yi haihuwa ko aure ko gobara ko rasuwa, ita take bi gida gida ta haɗa gudummawa. A wurinta babu abin kunya a duniya kamar wanda ya taɓa tsaya maka ya shiga wani hali ka yi kamar ba ka ji ba. Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta ɗauki ƙwarya ta fita. Na bi ta har ƙofar gida ina cewa ta dakata, ta juyo ta ce, "Ko akwai abin da ka faɗa wanda ba haka yake ba?" Nan ne fa ya kamata in faɗi gaskiya. Na buɗe baki, sai na hango Baffa yana tahowa daga masallaci, na ce, "Babu, Inna."

Abin da ya biyo baya har yau yana ba ni mamaki. Rumbunan nan da aka rantse babu komai a cikinsu sai ga shi suna aman hatsi. Wannan ta kawo mudu biyu, waccan ta kawo uku. Magidanta da suka ga mata za su ba su kunya sai suka fara fito da dami. Aka kawo kuka, aka kawo busasshiyar kuɓewa, aka kawo barkono. Wata tsohuwa ta kawo man shanu a kwalba ta ce a gaya musu su riƙa shafawa a ƙafa. Wani ya kawo zabi biyu. Wata ta aika Dawakin Tofa aka sayo kasake uku na jin ɗumi, ta ce tun da ba su da dabarar hura wuta a ɗaki a nuna musu yadda ake yi. Innata ta fito da daddawarta ta ƙarshe, ta kalwar ɗorawar nan da aka sare, ta zuba a cikin kayan. Cikin kwana huɗu zauren mai unguwa ya cika, da aka sussuka aka auna sai ga buhu goma sha ɗaya.

Ranar ta huɗu da yamma Baffa ya shigo zauren da buhun gero a kan jaki, da wani bargon saƙi a kafaɗarsa, wanda na san tun ina yaro da shi yake rufa. Ya ajiye su. Na matso na ce, "Baffa, har da kai?"

Bai dube ni ba ya ce, "Fushina da kai ne, ba da su ba."

Kwanakin nan ko abinci ba na iya ci. Matata ta ɗauka zazzaɓi ne, har ta dafa mini sabara.

Ranar Litinin aka ɗauko shatar a-kori-kura daga Tofa. Mai unguwa da Baffa suka shiga gaba. An yi an yi da Inna ta zauna a gaba ta ƙi, ta ce kasaken nan in ba ita ta riƙe su ba fashewa za su yi. Ta hau kan buhu ta rungume su, ni kuma aka damƙa mini zabi. Muka kama hanyar Kano, mutanen gari suna ɗaga mana hannu kamar masu rakiyar alhazai. Tun daga nan har muka shiga birni ina tsara yadda zan fita daga wannan ramin. Na yanke cewa tun da ni ne tafinta, zan ce wa Bature tsarabar ban kwana ce muka kawo masa, shi ke nan kowa ya huta.

Muka same shi a ofishinsu yana tsakiyar kwalaye, yana haɗa kaya zai koma gida. Ya fito tsakar gida ya ga motar, ya ga buhuna, ya ga zabi, ya tsaya baki buɗe. Aka gaisa. Mai unguwa ya ce Inna ce za ta yi magana, don ita ce mai abin. Ta gyara mayafi ta fara. Ta ce mun ji abin da ya same su, Allah ya kawo sauƙi. Ta ce mun ji kunya da ba mu zo da wuri ba, rashin sani ne. Ta ce abin da muka kawo ba shi da yawa, shekarar ce ta zo a haka, amma a raba wa tsofaffi da masu yara, a fara da waɗanda suka fi jin yunwa. Ta yi bayanin yadda ake zuba garwashi a kasko, ta ce kada a rufe ƙofa ruf saboda hayaƙi. Ta ce maganar kanal kuwa kada su sa ta a ransu, wanda gidansa yake ci da wuta ba a tambayarsa alkawari.

Da ta gama sai na juya na ce wa Bature da Turanci, "Sun kawo maka tsarabar ban kwana, suna godiya."

Inna ta kalle ni sheƙeƙe ta ce, "Malamin makaranta, duk maganar da na yi ita ce ka dunƙule a lomar nan guda?"

Na ce, "Inna, Turanci haka yake, ba shi da tsawo."

Sai na ji murya daga sama tana cewa da wata irin Hausa mai karkace, "A'a, Malam. Mama ta ce tsofaffi. Ta ce sanyi. Ta ce yunwa. Wane ne yunwa?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, da zabin da komai. Ashe shekara biyu Baturen nan yana zaune a cikinmu yana sauraro, ni ina ta yi masa kallon kurma. Babu yadda zan yi, na mayar masa da jawabin Inna tiryan-tiryan, har da maganar hayaƙi. Da farko ya fara dariya, sai kuma ya daina. Ya zauna a kan ɗaya daga cikin buhunan, ya cire tabarau yana ta goge shi da gefen riga.

Can ya ce in fassara, kuma in fassara duka. Ya ce gaskiya ne akwai marasa aiki a ƙasarsu, akwai kuma tsofaffin da suke jin sanyi, mahaifiyarsa ma takan kashe abin ɗumama ɗaki saboda tsada ta zauna da rigar sanyi biyu. Amma babu yunwa irin wadda muke nufi, kuma kuɗin da aka janye daga kanal ɗinmu ba zai ɗumama ɗakin kowa ba. Ya ce magana ce ta zaɓe. Masu mulki sun ga 'yan adawa suna shan tafi da ita, sai suka riga su aikatawa. Ya ce ba a ma soke alkawarin ba, an dai ce za a cika shi idan hali ya yi.

Mai unguwa ya yi tsalle kamar an tsikare shi ya ce, "Idan hali ya yi! Wallahi kalmar da ɗan majalisarmu ya faɗa ke nan a kan asibiti, zamanin farar hula!"

Baffa ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. Ashe can ma akwai su." Sannan ya juyo gare ni a hankali ya ce, "Ɗan boko, tsofaffin da ake tsinta sun sandare fa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baffa, na ƙara. Kunyarka ce ta sa ni."

Na ɗauka Inna za ta ji an muzanta ta, ta kwaso hatsin mutane a banza. Ko a jikinta. Ta ce, "To alhamdu lillahi da babu yunwa, ai abin murna ne. Amma ya ce tsohuwarsa tana jin sanyi ko?" Ta ɗauko bargon Baffa da kasko ɗaya ta ɗora wa Baturen a cinya ta ce, "Wannan nata ne. Ka ce mata wata 'yar'uwarta tana gaishe ta." Ya karɓa da hannu biyu, idonsa ya kaɗa ya yi ja kamar wuyansa. Hatsin kuwa ya ce ba zai iya ɗauka ba, ba za a bar shi ya shiga jirgi da shi ba, mu yi haƙuri mu mayar wa masu shi.

Inna ta ce, "Mayarwa? Abin da aka fitar da niyyar kyauta ba ya komawa rumbu. Kuma wa zai tsaya ya ware mudun wance daga na wance?" Ta dubi buhunan. Sai ta ce, "Malamin makaranta, tambaye shi, ramin nan da ya rage, dole sai da katafila?"

Bature ya ce ba dole ba ne. In akwai mutane da yawa da shebur da diga za su iya, abin da yake da wuya shi ne gangaren ya tafi daidai, in ba haka ba ruwan zai kwanta a hanya. Ya ce jirginsa sai wani satin, ranar Asabar ba ta gwamnati ba ce, tasa ce, zai zo ya kafa mana turaku.

Inna ta dubi mai unguwa ta ce, "Ranka ya daɗe, na ji an ce kun fasa gayya don babu abinci." Ta daki buhun da ke kusa da ita da tafin hannu. "To ga abinci."

Mai unguwa ya dubi buhunan ya sosa ƙeya. Baffa ne ya fara dariya, irin dariyar da rabon da in ji ta tun ɗorawa tana tsaye. Direba ma da bai san kan zancen ba ya kama. Muka juyo gida da kayanmu, kasko ɗaya da bargo ne kawai suka ragu, amma ni dai zabin nan sun fi mini sauƙin riƙo a dawowa.

Ranar Asabar Bature ya zo da na'urarsa mai ƙafa uku, ya wuni yana leƙe yana ɗaga hannu, muna kafa turaku muna ɗaura igiya. Da rana aka kawo masa tuwon dawa da miyar kuka wadda ta sha daddawar Inna, ya ci har da neman ƙari. Ranar Lahadi aka buga gangar noma. Samarin garinmu da na ƙauyuka uku suka sauko da diga da shebur da kwanduna, mata suka kafa tukwane a bakin gona, ga fura ga kunu. Ni ma na ajiye biro na ɗauki diga bayan an tashi daga makaranta, tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe, samari suna yi mini waƙa da Mai Ruwa. Wannan karon ban ji haushi ba. Kwana tara aka yi, aka cinye buhunan nan tas, zabin ma ba su tsira ba.

Ranar da aka buɗe bakin madatsa duk gari ya fito. Ruwan ya taho a hankali, jajaye da laka, yana tura busassun ganye a gabansa, mutane suna bin sa a gefe da gefe suna kabbara. Ni kuwa ina ta tsoron kada ya kwanta a hanya. Bai kwanta ba. Ya zo ya wuce ta gindin kututturen ɗorawar, inda Baffa yake tsugune shi kaɗai tun safe. Ya sa hannu ya ɗebo ya shafa a fuska. Na je na durƙusa a gefensa.

Ya ce, "Malam." Ban taɓa jin ya kira ni haka ba. "Ƙaryarka ta fi gaskiyarka amfani, amma kada ka ƙara." Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'ya'yan kalwa guda biyar ya zuba mini a tafin hannuna mai ciwo. "Na ba ka ɗorawa, ka mayar mini da ita. Shuka a nan bakin ruwa." Sannan ya ce yaya iyali, yaya makaranta, yaya gajiya, ya yi ta jero gaisuwar watannin da ya riƙe mini har gwiwata ta yi tsami, ni kuwa hawaye yana zuba ina amsawa.

Biyu daga cikin biyar ɗin suka tsiro, ɗaya ta rayu. Yau inuwarta ta fi ta kakanmu faɗi, a ƙarƙashinta nake ba jikokina wannan labarin. Baffa da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Alkawarin Turawan kuwa na sha jin sa a rediyo tun daga lokacin, wata gwamnati ta maido shi, wata ta rage, wata ta ce idan hali ya yi. Ba na zaginsu, madatsar nan su suka yi mana ita, kuma muna shan ruwanta har gobe. Na dai koyi cewa alkawarin da aka yi a majalisar wasu yana bin zaɓen wasu ne, kada ka kuskura ka jingina bishiyar ubanka a kansa. Abin da ya fi wannan zama mini a rai kuwa shi ne rumbunan garinmu. Muddin muna ganin kanmu masu jiran a ba mu, babu wanda ya samu ko mudu ɗaya a cikinsu. Ranar da wata tsohuwa ta ce mana mu ne masu bayarwa, a cikinsu aka samo abin da ya kawo ruwa gonar Baffa.